Birki a Tsakiyar Kwana

Litinin, 6 ga Maris, 2006

Wata uku da kwana goma da hatsarin. Hannuna na hagu ya ɗoru, sai dai ba ya miƙewa gaba ɗaya. Shugabannin tasharmu sun ce ba zan sake hawa mota ba sai sun zauna a kaina, kuma har yau ba su sa rana ba.

Dudu, matata, ita ta ce in riƙa rubutu a bayan tsohon littafin lodi, wai ya fi mini zaman kallon bango. To ga shi.

Abin da na faɗa wa 'yan sanda, na faɗa wa Alhaji Maikuɗi mai motar, na faɗa wa Inna, shi ne: tayar gaba ta dama ce ta fashe a kwanar gada, kafin mararrabar Shanga. Mutum tara na ɗauko daga Yelwa za mu Jega. Uku ba su dawo ba. Kowa ya ga tayar, a yage take.

Alhamis, 9 ga Maris

Abdullahi, ɗan kawuna, ya jawo ni shagonsa na intanet da ke bayan kasuwa. Wai in zo in sha iskar fanka. A can kusurwa akwai kwamfuta ɗaya da aka ɗaure mata sitiyari a jikin tebur, ga totur da birki a ƙasa. Cikin kayan kwatano, wato gwanjon waje, da ya sayo daga Legas ya tsince su. Ya ce wasan tseren mota ne, amma ba irin na yara ba, mota tana yin yadda ta gaske take yi, har sitiyarin yana ja a hannu. Idan ka zagaye fili sau ɗaya, sai a aika lokacinka can wani allo inda mutanen duniya suke jera nasu.

Na ce ni da na yi shekara goma sha huɗu a titi za a ba abin wasa? Ya ce, “Yaya Mamuda, zamna dai ka gwada.”

Na zauna. Tun kwana ta farko na shiga shinge. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye.

Asabar, 11 ga Maris

Na koma. Da hantsi babu kowa a shagon. Zagaye ɗaya cikakke: minti ɗaya da sakan hamsin da takwas. Na saman allo yana da minti ɗaya da talatin da ɗaya. Ni ne na dubu huɗu da wani abu.

Ni da ake kira Iska a tashar Yelwa. Ni da nake barin Yelwa bayan asuba, in sha koko a Jega kafin mai kokon ta gama jera kwanoni.

Talata, 14 ga Maris

1:51. Hannun yana zogi idan na juya sitiyari zuwa dama da ƙarfi. Ban faɗa wa Dudu inda nake zuwa ba, tana tsammani tasha nake zama. Ba na iya zaman tasha. Ana gaishe ni da kyau, amma idan na juya baya sai murya ta yi ƙasa.

Asabar, 18 ga Maris

Filin yana da kwana goma sha ɗaya, duk na haddace su. Ta bakwai ce ke kashe ni. Gangara ce, ka taho da gudu, sai hanya ta lanƙwashe dama, kuma tana ƙara matsewa bayan ka shiga. Cikin zagaye goma, sau shida mota take juyewa da ni a wurin. Bayanta ne ke zamewa ya wuce gaba, in ga inda na fito.

Na ce wa Abdullahi wanda ya haɗa wasan nan bai san mota ba. 1:46.

Alhamis, 23 ga Maris

Ƙidaya. An ce kowa ya zauna gida. Masu ƙidaya sun tambayi sana'ata, na ce direba. Yarinyar ta rubuta, ta sa mini tawada a babban yatsa. Na daɗe ina kallon yatsan.

Laraba, 29 ga Maris

Rana ta yi husufi da hantsi. Gari ya yi duhu-duhu, kaji suka nufi akurki, aka tafi masallaci. A sahu na tsaya kusa da ƙanin marigayi Malam Cindo, mai sayar da kifin da yake zaune a gaba, kusa da ni, ranar hatsarin. Bayan sallama ya miƙo mini hannu ya ce, “Ƙaddara ce, Mamuda, kowa da ranatai.” Hannunsa da ɗumi. Nawa kamar na fito daga ruwa.

Da la'asar na je shago. 1:44.

Asabar, 1 ga Afrilu

Alhaji Maikuɗi ya aiko kirana. Ya karɓo wata motar, tana ƙofar gidansa an lulluɓe ta da tamfol. Ya ce babu wanda zai ba ita sai ni. Zaman tasha ranar Asabar ne, 29 ga wata. Abu ɗaya dattawan suke so: tunda wasu fasinjoji suna ƙananan maganganu, in yi alwala in dafa Alƙur'ani cewa tayar ce ta fashe kafin mota ta bar titi. Daga nan magana ta mutu.

“Mi za ya gagara nan? Ba gaskiyarka ba ce?”

Na ce gaskiyata ce. Ya ɗaga tamfol ya nuna mini. Fara ce, kujerunta ko leda ba a cire ba.

Dudu ta yi murna har ta dafa taliya da man ja. Inna ta ce Allah ya sa a ji alheri, ba ta ƙara ba.

Talata, 4 ga Afrilu

Na maƙale a 1:41. Kwana uku ba gaba. Duk yadda na taka totur, lokacin ba ya sauka. Abdullahi ya ce ana iya sauko da zagayen wani a gani, motarsa ta fito kamar inuwa tana tafiya tare da tawa. Ya sauko da na wani mai 1:33, wani mutumin ƙasar sanyi da sunansa ya gagare mu karantawa. Muna kiransa Mai Shuɗiya, don launin motarsa.

Abin haushi: kafin kowace kwana ni nake wuce shi. Shi yake fara taka birki, tun da nisa, kamar matsoraci. Amma kafin in gama kokawa da sitiyari ya fita ya bar ni. Kowace kwana haka.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Na ga Barakatu, matar Malam Cindo, a bakin kasuwa. Ta fita takaba ke nan. Ta rame. Tana ɗauke da kwandon busasshen kifi a ka, wani a hannu, aikin da mijin yake yi da. Na shige rumfar mai faci na tsaya har ta wuce. Mai facin ya tambaye ni ko lafiya, na ce inuwa nake sha.

Litinin, 10 ga Afrilu

Abdullahi ya yi abin da ban sa shi ba. Ya aika zagayena dandalin da masu wasan suke hira, ya roƙi a duba a faɗi inda nake ɓata lokaci. Mai Shuɗiya da kansa ya amso. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma na bar Abdullahi ya fassara.

Wai hannuna yana da kyau, an ga na saba da mota. Wai amma ina jinkirin birki a ko'ina. Ina shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinta, sai in tsorata a tsakiya in danne birki alhali sitiyari yana juye. Idan aka yi haka nauyin mota duk sai ya koma gaba, bayan ya yi sakayau, ya zame. Ya ce in gama birkina tun mota tana miƙe, in shiga a hankali, in fita da ƙarfi. Ya ƙare da cewa, wannan ɗabi'a ce, ba kuskuren rana ɗaya ba, duk zagayena tana ciki.

Na ce wa Abdullahi ya rubuta masa cewa shekarata goma sha huɗu ina tuƙa mutane, shi kuwa akwati yake tuƙawa a ɗakin uwarsa. Abdullahi ya ce to. Na san bai rubuta ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Ban je ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Na je, don in nuna ƙarya yake. Akwai allo a gefen titi kafin kwana ta bakwai mai lamba ɗari. Da sai na wuce shi da nisa nake taɓa birki. Yau na taka a daidai shi. Ji na yi kamar na tsaya cak, kamar tsohuwa ce ke tuƙi. Mota ta shiga kwanar lafiya lau, ko ƙara taya ba ta yi ba, na buɗe mata wuta tun kafin hanya ta miƙe.

1:38.

Abdullahi ya daki tebur yana ihu. Ni kuwa na kasa sakin sitiyarin. Na sake zagaye biyar, ko sau ɗaya ba ta juye ba.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Zafi ba a magana. Ruwan kogi ya ja baya sosai, jiragen Gungawa, mutanen tsibirai, suna can nesa da gaɓa, sai an taka taɓo kafin a kai gare su. Dudu ta gano inda nake zuwa, wata maƙwabciya ta gan ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Baban Hajara, in shina sa ka barci, yi ta yi.”

Ba ya sa ni.

Laraba, 19 ga Afrilu

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Ina cikin zagaye mai kyau, na hau dakalin gefen titi da ƙarfi a kwana ta huɗu. Wani jan rubutu ya fito, Abdullahi ya ce tayar gaba ta dama ta fashe. Kafin ya rufe baki sitiyarin ya fizge ni zuwa dama, ya yi nauyi, yana karkarwa, sai da na sa hannu biyu. Mota tana jan kanta gefe kamar akuyar da ta ƙi tafiya.

Na san wannan. Taya ta taɓa fashe mini sau biyu a titi, ɗaya a hanyar Kontagora, ɗaya kusa da Koko. Haka take yi daidai. Sitiyari ya yi nauyi, ya ja.

Ranar kwanar gada sitiyari bai ja ba. Sakayau ya yi a hannuna, kamar an cire shi daga jikin mota. Bayan ne ya zagayo. Na ga gonar geron da muka wuce ta dawo gabana. Ƙarar fashewar kuma, yanzu da nake zaune ina jin ta, bayan mun daki bakin gadar ne.

Na tashi na fita ban yi sallama ba.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Wasa ne. Akwati ne da waya. Mai Shuɗiya, mutumin da ko kogin Neja bai taɓa gani ba, ina ya san kwanar gada? Kuma wata biyar, kai ya bugu, mutum yana iya tuna abin da bai faru ba.

Asabar, 22 ga Afrilu

Na hau motar Koko a matsayin fasinja, na sauka a gadar. Tun ranar ban taka wurin ba. An share komai, sai ɓaraguzan gilashi a cikin ƙasa da wurin da simintin ya ɓalle. Na taka da ƙafa daga saman gangara zuwa ƙasa. Tana matsewa bayan an shiga. Sau dubu nawa na bi ta, ban taɓa lura ba, don kullum ina wucewa.

Na tsaya ina kallon motoci. Wata tirela ta taho, tun daga sama na ji ta saki iska tana rage gudu. Wani ƙaramin direba da na sani ya taho a guje, jar fitilarsa ta baya ba ta kama ba sai a tsakiyar kwanar. Motar ta yi rawa, ta daidaita, ta wuce. Har hon ya yi mini. Ni na koya masa tuƙi.

Wani Bafillace da shanunsa ya tambaye ni ko wani abu na yar. Na ce a'a.

Talata, 25 ga Afrilu

1:36. Na shiga cikin ɗari tara na farko. Mai Shuɗiya ya aiko da gaisuwa, wai da sauri nake koyo. Abdullahi yana so ya buga takardar ya manna a bango, na hana.

Ya dube ni ya ce, “Yaya, mi ya same ka ranar nan da ka hita?” Na ce rana ce ta buge ni. Ya ce shi dai bai kawo ni nan don ya ƙara mini ciwo ba. Na ce na sani.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Na je wurin Inna da hantsi, tana tsince shinkafa. Na zauna, na kasa farawa. Na tambaye ta, idan mutum ya rantse a kan abin da ba shi da tabbas, alhali da can ya yarda haka ne, mene ne hukuncinsa? Ba ta ɗago ba. Ta ce ita ba malama ba ce. Can ta ce, “Ni dai ɗa guda gare ni. Na hi son in gan shi shina dako da in gan shi cikin mota da Littafi bisa wuyanai.”

Ban ce mata komai a kan tayar ba. Ba ta tambaya ba.

Dudu ta wanke mini farar riga ta goge, don jibi. Shinkafar da ke buhu ba za ta kai ƙarshen wata mai zuwa ba, na leƙa.

Asabar, 29 ga Afrilu

An zauna a ofishin tasha bayan azahar. Dattawa biyar, Alhaji Maikuɗi, ƙanin Malam Cindo, da 'yan'uwan sauran biyun. Na yi alwala a bakin famfo, ina jin idon mutane a bayana. Har na shiga ina da niyyar yi. Wallahi ina da niyya. Na ce a raina tayar ai ta fashe, ba ƙarya ba ne, sai dai gaba da baya.

Aka buɗe gafaka aka ajiye a kan tabarma. Shugaba ya maimaita abin da zan faɗa, kalma kalma: cewa tayar ta fashe kafin mota ta bar titi. Kafin.

Na miƙa hannu, ya tsaya a sama. Ban san tsawon lokacin ba. Na ji bakina yana cewa ba zan iya ba. Na ce gudu nake yi, na shiga kwanar da abin da ya fi ƙarfinta, na taka birki a tsakiya. Tayar daga baya ta fashe.

Alhaji Maikuɗi ya ce, “Mamuda, kana cikin hankalinka? Wa ya tambaye ka wanga?” Ƙanin Malam Cindo ya tashi ya sa takalmansa ya fita, bai dube ni ba. Wani daga cikin 'yan'uwan ya zage ni, ya zagi ubana, aka riƙe shi. Shugaba ya rufe gafakar ya ce sun ji. Ba ni ba mota a tashar nan, kuma abin da ya rage tsakanina da iyalan mamata da hukuma ne.

Da na fito 'yan kamasho suna ta kiran Jega, Jega, mutum ɗaya. Na taka har gida.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Dudu ba ta yi mini magana ba tun jiya. Ta ajiye abinci ta koma ɗaki. Da yamma na ji tana ce wa Hajara ta daina tambayar farar mota.

Laraba, 3 ga Mayu

An kira ni ofishin 'yan sanda, na sake ba da bayani, na sa hannu. Sun ce kada in bar gari. Kawu ya tsaya mini. Ban san inda abin zai tsaya ba.

Na bi ta gaban shagon Abdullahi. Wasu malaman makaranta biyu suna kan sitiyarin suna ta shiga shinge suna dariya. Ya fito ya ce kujerata tana nan. Na ce wata rana.

Asabar, 6 ga Mayu

An yi ruwan farko jiya, ƙasa tana ƙamshi. Na gangara bakin ruwa inda mata suke bandar kifi. Barakatu tana juya kifi a kan waya, hayaƙi ya sa idonta ja. Na yi sallama, ta amsa ba ta daina aiki ba. Na durƙusa na fara faɗa mata, ta katse ni.

“An gaya mini abin da ka ce a tasha. Ni na riga su sani. Malam bai cika ba sai da ya kwana biyu asibiti, da bakinai. Ya ce sau biyu shina ce maka ka rage, kana dariya kana cewa ya bari ka kai shi kasuwa da wuri.”

Na tuna. Da ta faɗa na tuna, har da yadda ya dafa gaban motar.

Na tambaye ta don me ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce tana cikin takaba, kuma tana son ta ga ko zan dafa Littafin. Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Ban yahe ba, Malam Mamuda. Ban san ko zan iya ba. Kada ka sa ni in yi ƙarya.”

Na ci gaba da durƙuso, ban san yadda ake tashi daga irin wannan ba. Ta gama kwashe kifin ta cika kwanduna uku. Ta ɗora ɗaya a ka, ta ɗauki ɗaya, ta tsaya tana duban na ukun. Na ɗauka. Ba ta ce in ajiye ba.

Daga bakin ruwa zuwa kasuwa hawa ne, ga taɓo, ga hannun nan. Ta gaban tasha hanyar ta bi, kowa ya gan ni. Da muka isa ta nuna inda zan sauke da haɓa, ta ce wa maƙwabciyarta, ba ni ba, gobe kwando biyar ne.

Ban ce zan zo ba. Wuyana yana ciwo har yanzu. Na dai tambayi Dudu ko akwai tsohon zane a gidan da za a naɗe a yi gammo, ta dube ni ta daɗe, sannan ta shiga ɗaki nema.